Notuna Goma na Motar Malam Sulemana

Da sunan Allah mai rahama mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Maimuna, Uwata.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar uba. Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ya tsare ki a hanyar Takoradi ranar Asabar, ya haɗa ki da mutanen kirki a wurin aikin da kika samu, ya raba ki da sharrin ƙarfe da sharrin baki.

Za ki yi mamakin wasiƙa daga mutumin da ɗakinsa ke kallon naki. To, wata biyu ke nan abin da ke shiga tsakaninmu bai wuce "Baba ina kwana" da "lafiya lau" ba, kuma na san bakina. In na buɗe shi da niyyar ba da haƙuri, faɗa ne zai fito. Alƙalami ya fi ni ladabi. Uwarki ta ce in na bari Asabar ta zo ban yi magana ba, za ki tafi da abin a ranki, kuma ba za ki ƙara taka ƙofar garejina ba har abada. Ta san ki, ta san wanda kika gado. Wannan ne abin da ba zan iya ɗauka ba. Saboda haka ki zauna ki karanta har ƙarshe, ko da za ki yaga bayan nan.

Ba ni da gona ko gidan haya da zan ce ga shi ki riƙe. Abin da na tara a shekara talatin da huɗu ina kwance inji ina ɗaurewa, kurakurai ne, kuma kowanne na biya kuɗinsa da fatar hannuna. Su zan ba ki.

Kin san a fom fo, aji huɗu, na tsaya da karatun boko. Kakanki ya so in zauna masa a rumfar goro a Alabar, ni kuwa ƙarar inji ce ke kira na. Na tafi Magazin, unguwar makanikan Kumasi, na durƙusa gaban Masta Yaw, wani Ba'asante gajere mai Hausar zango a baki. Shekarata ta biyu ya ba ni gaskit na farko in canza da hannuna, wato wannan shimfiɗar da ake sawa tsakanin kan inji da gangar jikinsa don wuta da ruwa da mai kada su haɗu. Motar haya ce tsohuwa. Na wanke fuskar injin har tana ƙyalli, na shimfiɗa gaskit, na ɗora kan injin, na zura dogayen notunan nan da ke riƙe shi. Na sa sufana, na ƙara mata fayif don hannu ya yi tsawo, na ja. A noti na huɗu na ji wani "tas", ƙarami, kamar an taka busasshen ƙashin kifi.

Masta Yaw yana can yana cin wake da shinkafa a ganye. Ya ajiye ganyen ya taso.

"Garba, ka busa rami?"

"Wane rami, Masta?"

Bai amsa ba. Ya kwance notin, ya naɗe tsumma a bakin waya, ya zura cikin ramin, ya zaro. Sharkaf. Ruwan wankin da na yi ne ya gangara ya kwanta a gindin ramin, ni kuwa na tura masa noti a kai na danna da duk ƙarfina. Ya haska min gefen gangar injin. Ga tsaga nan siririya kamar gashi.

"Kai yaron Hausa, ka gani? Ruwa ba ya matsuwa. Ka matsa shi, ya nemi ƙofa. Babu ƙofa, ya yi nashi."

Uwata, dukan da na sha ranar na manta shi tuntuni. Abin da ban manta ba shi ne tsayuwar da na yi ina kallon tsagar. Ƙarfen da sai ƙarti huɗu suke ɗaga shi, ruwan da bai cika cokali ba ya raba shi. Subhanallahi. Tun daga ranar ban ƙara yin alwala ban kalli ruwan da ke tafin hannuna da wani ido ba. Don haka ki busa kowane rami. Ko sun ce miki an busa, ki zura waya ki gani da idonki. Ki bi zaren ramin ki fitar da tsatsa da datti, domin noti mai tafiya cikin datti zai yi miki ƙarya, ya nuna ya ɗauru alhali bai kama komai ba.

Da na buɗe nawa garejin a Buokrom ina da shekara ashirin da shida, babu wanda ya ba ni ko sufana ɗaya. Bencin da kike zama a kai ni na haɗa shi. Ina da ƙarfi lokacin, har direbobi suka sa min suna Garba Fayif, ni kuma ina jin daɗin sunan. Wata rana gaggawa ta sa na ɗaure kan wani inji daga wannan bakin zuwa wancan, noti bayan noti, kamar mai ɓalla maɓallan riga, kowanne na kai shi ƙarshe a ja ɗaya. Kwana tara motar ta dawo, mai ya zama fari kamar koko da madara. Na ɗauki kan injin na kai wa Baba Seidu mai goge kan inji a Magazin, ina cika baki wai ƙarfen ne mara kyau. Tsohon ya ɗora ƙarfen awonsa miƙaƙƙe a kan fuskar, ya ɗaga sama saitin rana, ya ce in leƙa. Haske na wucewa ta ƙarƙashi.

"Ka ga hasken nan? Ba daga Turai ya zo ba. Kai ka sa shi."

Shi ya nuna min cewa daga tsakiya ake farawa, a riƙa tsallakawa hagu da dama ana fita waje, kamar yadda uwarki ke guga daga tsakiyar zane don kada ya tattare. Kuma ba a ja ɗaya ba. A zaga su duka a hankali, a sake zagawa, a sake. In kwancewa ne, daga waje a shigo ciki, kuma sai injin ya huce sarai. Na karɓi karatun na yi aiki da shi shekara da shekaru, amma ban ce wa Baba Seidu na gode ba. Na ɗauki kayana na fita ina ƙunƙuni. Ya rasu ban faɗa ba. Wanda duk ya nuna miki kuskurenki a Takoradi, ko da gatse ya yi shi, ki gode masa kafin rana ta faɗi.

Yanzu ga wanda ya sa na ɗauki alƙalami.

Kin san gwangwanin nan na gas da nake jiƙa tsofaffin notuna a ciki, da kwalin da nake hudawa in jera su yadda suka fito, don kowanne ya koma raminsa. Haka Masta Yaw ya yi, haka mastansa ya yi, haka duk layinmu ke yi. Kuma ina so ki sani ba hauka muke yi ba. Injunan da muka tashi da su baƙin ƙarfe ne sama da ƙasa, notunansu gajeru masu kauri. Ka wanke, ka duba zare, ka shafa ɗan mai, ka mayar, mota ta yi sati ta dawo ka ƙara ɗaurewa, shi ke nan. Na mayar da noti ɗaya sau uku a inji ɗaya, motar tana kan titi har yau. Shekara talatin abin yana ba ni gaskiya. Abin da ya cuce ni ke nan.

Sai ga Malam Sulemana na Asokore Mampong da motar makarantarsa ta Islamiyya, wadda ke kwasar yara safe da yamma. Ta yi zafi, gaskit ya ƙone. Kin gama makarantar koyon sana'a ke nan, kina zuwa gareji kullum da rigar aikinki mai ruwan bula. Ke kika kwance kan injin, kuma na ga yadda kika bi notunan daga waje zuwa ciki ba wanda ya faɗa miki, na ji daɗi ban nuna ba. Da na miƙa hannu zan zuba su a gwangwani kika ce:

"Baba, waɗannan ba a mayar da su. Irin masu miƙewa ne. Sau ɗaya ake ɗaure su."

Na ce, "Masu me?"

"Masu miƙewa. Sun riga sun ja. Sai sababbi."

Agya Kwaku mai gyaran wayar mota, maƙwabcinmu, yana jingine da ƙofa. Ya kwashe da dariya. "Ei, Masta Garba! Yau an kawo maka hedimasta har gida. Noti ya zama cingam!"

Malam Sulemana yana kan benci da carbinsa, ya ɗago yana kallona. Wallahi da mu biyu ne kawai, da wataƙila na tambaye ki. Amma ga mai mota, ga Kwaku yana dariya, ga sunana a rubuce a allon ƙofa. Kika ɗauko littafin injin a wayarki kina nuna min, na ture hannunki. Kin tuna abin da na ce, ni ma na tuna, amma zan rubuta shi don kada ki zaci na sassauta wa kaina. Na ce, "Tun ba a haife ki ba nake ɗaure noti. In ƙarfe kike so ki ga ya miƙe, je gida ki taya uwarki tuƙa tuwo, can ne abu ke miƙewa."

Kika mayar da wayarki aljihu. Kika wanke hannu da omo, kika cire rigar aikin, kika ninke ta a kan benci kusa da Malam, kika ce masa sai an jima. Ni kuma na mayar da tsofaffin notunan, na sa fayif, na ja har suka yi kukan da na saba ji. Guda biyu daga ciki ban ji kukansu ba. Sun riƙa tafiya laushi-laushi kamar ana murɗa rake. Hannuna ya faɗa min, na ce masa ya yi shiru.

Sati uku motar ta yi. Ranar wata Talata da la'asar, tana hawan tudun nan da yara cike, farin hayaƙi ya turnuƙe ta baya, ruwa ya tafasa ya yi tsiri. Allah ya taimaka direban mai hankali ne, ya gangara gefe ya kashe. Da na isa na tarar da yara sun fi ashirin a bakin kwalta cikin rana, 'yan mata da ƙananan hijabansu, manyan motoci na wucewa ta gabansu da gudu, wata 'yar ƙarama tana kuka ta rasa takalmi ɗaya. Babu wanda ya ji ciwo. Amma na ga tazarar da ke tsakanin ƙafafunsu da tayoyin tirela, kuma na san wanda ya ajiye su a wurin.

Malam ya tambaye ni me ya faru. Na ce gaskit ɗin ne jabu, 'yan kasuwar yanzu ba su da tsoron Allah. Na ɗora wa bawan Allah mai shago laifin da bai ji ba bai gani ba. Wannan ya fi zagin da na yi miki muni, kuma na dawo gida na ci tuwo a kansa.

Motar ta daɗe a bayan gareji ina ce wa Malam ana neman kaya. Ba kaya ake nema ba, tsoron buɗe ta nake. Ranar Lahadin da ta wuce da hantsi, layin duk a rufe, na buɗe. Na riga na sa an kawo min sababbin notuna goma na ainihin injin. Na ɗauko tsoho ɗaya, na ɗauko sabo ɗaya, na tsayar da su a kan gilashi kafaɗa da kafaɗa.

Tsohon ya fi tsawo.

Ba da yawa ba, kamar kaurin farce. Na ce idona ne. Na ɗauko ma'aunin nan naki mai baki kamar na kada, wanda kika bari a aljihun benci, na auna. Na sake aunawa. Na ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a jikin zaren na ɗaga saitin rana, sai ga tsakiyar notin ta rame, ta yi ƙugu. Na ɗauko uwar noti na murɗa a kai, ta tafi sumul, da ta iso wurin ƙugun ta cije.

Uwata, na zauna a ƙasa. Ni da na ɗauka na gama sanin ƙarfe. Abin da nake duka da guduma, nake taka shi, nake rantsuwa da taurinsa, ashe yana ja kamar roba. Na sa gilashin idona na karanta shafin da kika tura wa wayata ranar, wanda ban buɗe ba sai lokacin. Turancin ya ba ni wuya amma na bi shi da yatsa. Kan injin nan ba baƙin ƙarfe ba ne, farin ƙarfe ne irin na tukunya, in ya ji zafi yana kumbura fiye da gangar da ke ƙasansa, in ya huce ya koma. Kullum, safe da yamma, yana numfashi kamar ƙirjin mutum. Notin da ba ya ja ba zai iya bin wannan numfashin ba. Shi ya sa masu ƙirar suka yi shi dogo siriri, suka ce a ɗaure da sufanar awo zuwa lamba kaza, sannan a ɗiga fenti a kansa, a murɗa rubu'in zagaye, a zaga duka goman, a sake murɗa wani rubu'in. A wannan murɗawar ta ƙarshe ake kai shi daidai gaɓar da ya ba da duk abin da yake da shi. Daga nan yake riƙewa, shekara da shekaru, wuta na fashewa a ƙarƙashinsa sau dubbai kowane minti, shi kuwa ko motsi. Amma sau ɗaya yake iya ba da wannan. In ka kwance shi ka ce ya sake, sai dai ya yi ta tafiya, ba riƙo.

Na daɗe a zaune da notin a tafin hannuna. Na tuna malaminmu na allo yana ba mu labarin yadda Allah ya tausasa wa Annabi Dawuda ƙarfe, muna yara muna ta mamaki. Ashe an bar ɗan ragowar taushin a cikin kowane ƙarfe, ɗan kaɗan, daidai kaurin farce, kuma a kan wannan ɗan kaɗan ɗin motocin duniya ke tafiya. Wani mutum a wata ƙasa ya zauna ya auna shi ya rubuta. 'Yata kuma, wadda na goya a wuya na kai ta kallon jirgi a filin jirgi, ta karanta ta gane, ta tsaya a gaban maza uku ta faɗa da murya ɗaya ba rawa. Allah mai iko. Ban san wanne ya fi ba ni mamaki ba, ƙarfen ko ke.

To ga abin da zan ce miki game da inda za ki. Za ki tarar da irina a can, masu furfura da tabon ƙuna a hannu, kuma wani zai faɗa miki abin da na faɗa miki, wataƙila da Fante ko da Turanci. Kada ki ninke riga ki fita. Ni ubanki ne, kin yi min kara, na gode, amma yaran Malam ne suka tsaya a rana saboda karar. Ki ce a kawo sabon noti, ki tsayar da shi kusa da tsohon a gaban kowa, ki yi shiru. Kuma kada ki raina su. A kan tsohon inji sun fi littafinki sani, hannunsu na jin abin da ma'auni bai kai ga gani ba. Ki tambayi injin da ke gabanki wane iri ne kafin ki tambayi kowa. In littafinsa ya ce a auna a mayar, ki auna ki mayar. In ya ce a zubar, ki zubar da nisa, inda mai gwangwani irina ba zai tsinta ba. Ranar da hannunki ya ce miki wani abu bai yi daidai ba, ki tsaya, ko mutum nawa ke kallo.

Jiya bayan sallar Azahar na hau mota na tafi Asokore Mampong. Na sami Malam Sulemana a zauren makaranta na ce masa gaskit ɗin lafiyarsa ƙalau, ni ne jabun. Na faɗa masa komai. Ya ja carbinsa, sannan ya ce, "Masta Garba, ai tun ranar na gani. Yarinyar ba ta yi kama da mai zato ba. Na bar ka ne ka iso da ƙafarka." Daga can na wuce wurin mai shagon na nemi gafararsa, shi bai ma san an yi ba. Da na dawo na kira Kwaku na ɗora masa notunan biyu a hannu. Ya juya su, ya juya, ya cire hula ya sosa kai.

"Ei, Awurade, Ubangijina. Cingam ɗin gaskiya ne."

Na ce, "Gaskiya ne, kuma bakinka ne ya fara."

"Bakina ya fara, naka ya gama, Masta. Kar ka raba min."

Bai yi ƙarya ba.

Uwata, na yi kuskure, ke ce da gaskiya. A gaban mutane na wulaƙanta ki, don haka takarda kaɗai ba za ta wanke ba. An goge kan injin, an kawo, na busa ramuka goma ɗaya bayan ɗaya, sabon gaskit na nan cikin kwalinsa. Notunan suna cikin ledarsu, tara ban ko taɓa su ba. Na ce wa Malam ya zo ranar Alhamis ƙarfe takwas na safe, na ce wa Kwaku ya zo, na ce wa duk layin. Na gaya musu injiniyar da za ta ɗaure kan motar tana da tafiya ranar Asabar, saboda haka kada kowa ya makara.

Ban tambaye ki ba kafin in faɗa musu, na sani. Halin ne, bai gama fita ba. In ba ki zo ba, ba zan riƙe ki da komai ba. Zan ɗaure su yadda shafinki ya ce, in gaya wa jama'a dalilin da ya sa ba ki zo ba, kuma ranar Asabar ni zan ɗaukar miki jaka zuwa tasha. In kuwa kin zo, ke za ki faɗi lamba, ke za ki ɗiga fenti, ke za ki ja. Ni zan tsaya a gefenki ina miƙo miki sufana, kuma in kika ce "Baba, ba wannan ba," zan ce to.

Allah ya yi miki albarka, Maimuna. Allah ya tsare hannuwanki da idanunki, ya tsare duk wanda zai hau motar da kika taɓa. Ya kai ki lafiya, ya zaunar da ke lafiya, ya sa in kin tashi dawowa Kumasi ƙafarki ta san hanyar Buokrom. Amin.

Na kai rigar aikinki an wanke an goge. Tana rataye a bayan ƙofarki.

Babanki,
Garba